Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Bincike Kan Jinyar Masu Ciwo Mai Tsanani A Jihar Zamfara

A watan Satumba, lokacin da damina ta yi nisa, gero ya fara nuna, sauro kuma ya yi yawa, asibitocin Jihar Zamfara kan cika da yara masu zazzaɓi. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara uku da aka kawo Babban Asibitin Tsafe da la'asar sakaliya, jikinsa zafi rau, yana numfashi sama-sama, tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙafafunsa kuma sun yi sanyi. Ma'aikacin da ke bakin aiki ba shi da lokacin dogon tunani. Shin ya ɗaura wa yaron ruwa ya sake shi da sauri, ko kuwa a hankali? Jini za a fara nema, ko iskar oksijin? A riƙe shi a Tsafe, ko a tura shi Gusau, alhali magariba ta kawo kai, hanyar kuma a shekarun nan ba kowa ke yarda ya bi ta da dare ba? Irin waɗannan tambayoyi su ne ke fuskantar takwaransa na Babban Asibitin Bunguɗu idan an kawo masa mai jego da jini ya ɓalle mata, ko magidancin da mota ta kaɗe.

Kowace amsa aka bayar, rai ne a kanta. Abin tambaya shi ne, daga ina amsar ke fitowa? Sau da yawa daga abin da aka koya a makaranta take fitowa, shi kuwa abin da aka koya a makaranta an samo shi ne daga littattafan da aka rubuta a kan majinyatan Turai da Amurka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da asibitocin Gusau da Tsafe da Bunguɗu za su ɗauki bincike kan masu ciwo mai tsanani a matsayin wani ɓangare na jinya, su yi shi da kansu, a kan cututtukan da ke kashe mutanensu, bisa sani da amincewar jama'a.

Mene Ne Ciwo Mai Tsanani?

Idan likitoci suka ce ciwo ya yi tsanani, ba sunan wata cuta guda suke nufi ba. Suna nufin halin da majinyaci kan shiga idan ɗaya daga cikin ginshiƙan rayuwarsa ya fara gazawa, wato numfashi, ko gudanar jini, ko hayyaci, har ya zamana in ba a tallafa masa cikin sa'o'i kaɗan ba zai iya rasa ransa. Zazzaɓin cizon sauro na iya kai mutum wannan hali, haka sanƙarau, da ciwon huhu, da zubar jini, da saran maciji, da raunin harsashi.

Fannin kula da irin waɗannan majinyata bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, cutar tana shanye tsokokin numfashi. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza a asibitin da ake tara su, 27 sun mutu. Sai wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaron majinyaci a sa bututu, a riƙa tura masa iska da jakar roba. Da yake babu isassun na'urori, ɗaliban koyon aikin likita wajen 1,500 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jakunkunan da hannu dare da rana, mace-macen kuwa suka ragu ƙwarai. A shekarar 1953 Ibsen ya buɗe sashen da ake ɗauka shi ne sashen kulawa ta musamman na farko a duniya. Abin lura a nan shi ne, da hannun mutane da kaifin lura aka fara wannan fanni, na'urori daga baya suka zo.

A yau idan aka ambaci sashen kulawa ta musamman, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne ɗaki mai sanyi cike da na'urori masu tsada. Irin waɗannan gadaje kaɗan ne a ko'ina cikin ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. To amma ina masu ciwo mai tsanani suke kwance? A shekarar 2025 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, inda aka duba manyan majinyata kusan 20,000 da ke kwance. An tarar cewa ɗaya daga cikin kowane takwas yana cikin hali mai tsanani, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na waɗannan suna kwance ne a ɗakunan jinya na kowa da kowa. Cikin mako guda kimanin kashi 21 cikin 100 nasu sun rasu, alhali a sauran majinyata abin bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Fiye da rabinsu kuma ba su sami cikakkiyar kulawar farko mai araha ba, irin su oksijin, da ƙarin ruwa, da gyara kwanciya don buɗe hanyar iska. Ma'anar wannan ita ce, fagen da ake fafatawa da ajali shi ne ɗakin maza da ɗakin mata da ɗakin yara na asibitoci irin na Tsafe da Bunguɗu, don haka can ne ya fi cancanta a kai bincike.

Darasin Ƙarin Ruwa

Wani zai ce, ai ilimin likitanci ɗaya ne a duniya, abin da ya yi wa ɗan Ingila magani zai yi wa ɗan Zamfara. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba, kuma labarin ƙarin ruwa ya isa shaida.

Shekaru da dama ana koya wa likitoci cewa idan yaro mai zazzaɓi ya zo jininsa ba ya gudana sosai, a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin gaggawa. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, kuma hankali ma ya yarda da hakan. Sai Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta na Afirka ta Gabas suka ƙuduri gwada wannan koyarwa a asibitoci shida na Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a wani bincike da suka laƙaba wa suna FEAST. Yadda irin wannan gwaji yake shi ne, ana raba majinyata rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ba bisa zaɓin likita ba, domin kada a tara masu sauƙi a gefe guda, masu tsanani a ɗaya gefen. Kowane yaro ya sami maganin cutarsa, da oksijin ko jini idan yana bukata. Bambancin kawai shi ne, wasu an ɗura musu ruwa da sauri a sa'ar farko, wasu kuwa an ba su a hankali daidai bukatar jiki.

Masu binciken kansu sun sa ran ruwan gaggawa zai ceci rayuka. Amma a watan Janairu na 2011, bayan yara 3,141 sun shiga, sai kwamitin da ke sa ido ya tsayar da gwajin. Cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ba ruwa da sauri sun mutu, alhali a waɗanda ba a ba ba kashi 7.3 ne. Wato a kowane yara 100, ruwan gaggawa ya ƙara mutuwar kamar uku. Fiye da rabin yaran nan zazzaɓin cizon sauro ke damunsu, kashi ɗaya cikin uku kuma suna da matsanancin ƙarancin jini, asibitocin kuwa ba su da na'urar taimaka wa numfashi. Wannan siffa ta fi kama da yaron Tsafe fiye da yaron Landan.

Ya wajaba a yi hattara a nan. Gwajin bai haɗa da yara masu gudawa da amai ba, ko masu ƙuna, ko masu tamowa mai tsanani. Mai kwalara da ruwan jikinsa ya ƙare, ƙarin ruwa cikin gaggawa shi ne ceton ransa. Darasin dai shi ne, babu likitan da zai iya gane bambancin mutuwa bakwai da mutuwa goma cikin ɗari da idonsa kawai, komai daɗewarsa a aiki. Yaron da aka ɗura wa ruwa yakan ɗan farfaɗo a sa'ar farko, kowa ya ji daɗi, idan ya rasu washegari sai a ce cutar ce ta yi ƙarfi. Da ba a ƙidaya ba, da har yanzu ana nan ana yi da kyakkyawar niyya. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin Da Zamfara Ta Koya Wa Duniya

Ba sai an je Kenya ba kafin a ga amfanin rubutu da ƙidaya a bakin gadon majinyaci. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta lura da yawan mutuwar yara ƙanana a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara na jijjiga suna suma, ana ba su maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa jin sauƙi. Da aka aika jininsu ɗakin gwaji sai aka gano gubar dalma ce. Mutane na kawo duwatsun zinariya cikin gida suna dakawa suna niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka mutu. A Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda.

Likitocin da suka tari wannan bala'i sun sami kansu a inda littattafai suka tsaya. A ƙa'ida ana fara ba yaro maganin fitar da dalma idan ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini, desilita kuwa kashi ɗaya ce cikin goma na lita. Na'urar awon da ake iya ɗauka zuwa ƙauye ba ta karanta abin da ya wuce 65, ga shi kuma jinin yara da yawa ya zarce haka nesa, wasu ma ninki goma. Sai ma'aikata suka fito da dabarar sirka jinin kafin a auna, aka kuma gwada sahihancinta da sakamakon babban ɗakin gwaji. Haka nan, littattafai sun tanadi magungunan allura ga yaron da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, amma abin da ya fi sauƙin samu da bayarwa a karkara shi ne maganin sha mai suna DMSA. Da shi aka yi wa mafi yawan yaran magani, ana rubuta awon kowane yaro kafin a fara da bayan an gama.

A shekarar 2014 aka buga sakamakon a mujallar PLoS Medicine: yara 1,156, zagayen magani 3,180, daga Yuni 2010 zuwa Yuni 2011. Ya nuna cewa maganin sha na rage dalma ko a yaran da abin ya yi wa tsanani, ba tare da mummunar illa ba, kuma ya fi aiki idan an kwantar da yaro ko ma'aikaci ya tsaya ya ga an haɗiye shi. Lokacin da irin wannan guba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ba daga farko aka soma lalube ba. Wannan aiki ba gwajin ƙuri'a ba ne, tattara bayanan jinya ne cikin tsari, amma ya zama abin dogaro ga duk duniya. Abin da ya rage a yi tunani a kai shi ne, ƙungiya daga waje ce ta riƙe alƙalamin. Tun da ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, nauyin rubutun ya dawo kan 'yan gida.

Ba Sai Da Kuɗi Masu Yawa Ba

Hujjar farko da akan kawo wajen ƙin bincike ita ce talauci. Akan ce, jihar da ke fama da ƙarancin likitoci da rashin tsaro da tamowa, ina ta ga rarar kuɗin bincike? Amsar ita ce, talaka ne ya fi bukatar sanin abin da ke aiki, domin ba shi da rarar da zai zubar a kan abin da ba ya aiki. Kuma tarihin wannan fanni ya nuna cewa manyan nasarorinsa a kan abubuwa masu araha aka same su.

A shekarar 2010 aka kammala gwajin AQUAMAT a kan yara 5,425 masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan Nijeriya. An kwatanta tsohuwar allurar kwinin da allurar atesunet. Mutuwa a ɓangaren kwinin kashi 10.9 ce cikin 100, a ɓangaren atesunet kuwa 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da atesunet maganin farko. Duk yaron da aka yi wa wannan allura a Bunguɗu a yau, yana cin gajiyar iyayen da suka yarda 'ya'yansu su shiga wancan gwaji.

A 2023 kuma aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Wata ledar shimfiɗa ce mai ma'auni ake sa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba maimakon a yi kintace, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa dukkan matakan tsayar da jini a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Asibitocin da aka yi wannan aiki a cikinsu matsakaita ne, irin manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Ko a Ingila mai arziki haka abin yake. A lokacin annobar korona, gwajin RECOVERY ya nuna a watan Yuni na 2020 cewa tsohon magani mai araha, dekzametason, na rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, ba ya kuwa amfanar wanda ciwonsa bai kai ga bukatar oksijin ba. Gwajin ya kuma nuna cewa wani ɗan'uwan kulorakwin da duniya ta yi ta rububinsa ba ya hana mutuwa. Sirrin wannan gwaji shi ne sauƙinsa: takardar cikewa gajeriya ce, ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa ma yana iya cika ta cikin 'yan mintoci.

Tabon Kano

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ita ce tsoron kada a mayar da 'ya'yan talakawa abin gwaji. Wannan tsoro yana da tushe. A shekarar 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 sun mutu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce cutar ce ta jawo mutuwa da nakasar. Bayan doguwar shari'a, a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75. Lokacin da jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abubuwan da mutane ke kafa hujja da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya auna. Idan aka daina bincike, gwaji bai tsaya ba. Duk lokacin da aka yi wa majinyaci abin da ba a taɓa tabbatar da amfaninsa a irin yanayinsa ba, gwaji aka yi, illa dai babu wanda ya nemi izni, babu kwamitin da ke sa ido, babu kuma wanda zai koyi darasi. Yaran da ruwan gaggawa ya cutar kafin 2011 ba a cikin wani bincike suke ba, binciken ne ma ya tsayar da abin. Maganin abin da ya faru a Kano shi ne tsare ƙa'ida. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa matsayin kwamitin ƙasa mai kula da su. Bisa waɗannan ƙa'idoji, babu binciken da zai fara sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma kowa na da 'yancin ƙi ko janyewa ba tare da an rage masa kulawa ba.

Lalle neman izni a wajen mai ciwo mai tsanani yana da wahalarsa. Majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, uwa tana cikin ruɗani, uba mai yanke shawara wataƙila yana gona ko kasuwa, minti ɗaya kuma yana da daraja. A gwajin FEAST an bi hanyar yi wa iyaye gajeren bayani a nemi yardarsu da baki nan take, sa'an nan bayan yaro ya daidaita a zauna a yi cikakken bayani a sa hannu. A ƙasar Hausa wannan ba zai wadatar ba sai an haɗa da shiri tun kafin ciwo ya zo: a yi wa sarakuna da limamai da ungozomomi bayani, a tattauna a rediyo, a rubuta takardar izni da Hausa a boko da ajami, a tanadi mai fassara ga Bafulatanin da Fulatanci ya fi masa sauƙi. Amincewar sarki ko liman ba ta maye gurbin amincewar uba da uwa, share fage kawai take yi.

Daga Ina Za A Fara?

Matakin farko ba ya bukatar komai daga ƙasar waje, sai littafi da alƙalami da 'yan kayan awo. A kowane ɗakin jinya na Tsafe da Bunguɗu da asibitocin Gusau, a riƙa auna wa kowane majinyaci numfashi, da bugun zuciya, da hawan jini, da hayyaci, da yawan oksijin a jini ta hanyar 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Wanda awonsa ya nuna haɗari a rubuta shi a rajista ta musamman: daga wane gari ya zo, kwana nawa ya yi kafin a kawo shi, me aka yi masa a sa'ar farko, an tura shi gaba ko an riƙe shi, sa'an nan a rana ta bakwai yana raye ko ya rasu. Shekara guda ta irin wannan rubutu za ta nuna abin da ke kashe mutane a kowane wata, da inda ake yin asarar lokaci.

Ma'aikatan yin wannan suna nan. Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya tana Tsafe, ɗalibanta na bukatar aikin koyo a asibiti. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da masana lissafi da kwamfuta da za su iya tace alƙaluma. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suna da manyan likitocin da za su jagoranta, ga kuma asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano da suka daɗe a harkar. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan tsari guda, gwamnatin jiha kuma ta ware ɗan kaso na kasafin lafiya domin wannan, ta yadda ba za a zauna jiran mai ba da tallafi ya zo da tambayoyinsa ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen tambayoyi daga abin da rajista ta nuna. Wane majinyaci ne tafiya zuwa Gusau ke amfana, wane ne kuma ta fi zama haɗari a gare shi? Idan an sa na'urar tace oksijin mai aiki da hasken rana a ɗakin yara, mutuwa nawa take ragewa, kuma wata nawa take yi kafin ƙurar hunturu ta lalata ta? Idan nas-nas suka riƙa zagayen awo sau huɗu a rana maimakon sau biyu, ana gano masu taɓarɓarewa da wuri? Babu wata jami'a a Turai da za ta amsa waɗannan, domin ba matsalarta ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na uku shi ne shiri kafin annoba. Daga Disamba 2016 zuwa Yuni 2017 sanƙarau nau'in C ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, kusan rabin waɗanda suka kamu kuwa a Zamfara suke. Jihar na cikin yankin da wannan cuta ke zagayowa da bazara, kwalara kuma da damina. A tsakiyar annoba babu lokacin rubuta tsarin bincike ko zaman kwamiti, gaggawar kuwa ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa, kamar yadda aka gani a 1996. A rubuta tsarin tun yanzu, kwamiti ya duba shi a tsanake, a sanar da jama'a, a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mayar da sakamako ga masu shi. Binciken da aka yi a kan mutanen Bunguɗu, aka buga shi da Ingilishi a wata mujalla da ba za su taɓa gani ba, bai cika alkawari ba. A koma garin a faɗa musu da Hausa abin da aka gano, mai daɗi ko maras daɗi, kuma idan magani ya tabbata yana aiki, a tabbatar yana nan a kantin maganin asibitinsu.

Kammalawa

Babu mai musun cewa Zamfara na bukatar ƙarin gadaje da na'urori a sassan kulawa ta musamman na Gusau, kuma duk wanda ya samar da su ya yi abin yabo. Amma mafi yawan masu ciwo mai tsanani ba za su taɓa isa waɗannan gadaje ba. Makomarsu na hannun ma'aikacin da ya tare su a sa'ar farko, shi kuwa ƙarfinsa ya dogara ne a kan ingancin abin da aka koya masa. Rai da ajali na hannun Allah, amma neman magani umarni ne, sanin wane magani ne ke aiki kuma wani ɓangare ne na nemansa. Yaran Anka da Bukkuyum sun bar wa duniya ilimin da aka saya da tsada mai yawa. Hakkin da ke kan hukumomi da jami'o'i da likitocin jihar shi ne su fara rubutu da ƙidaya tun daga wannan damina, domin ma'aikacin da zai tari yaro a Tsafe nan da shekara biyar ya sami amsar da aka gwada a kan yara irinsa.